Ciwon ƙafa ga baƙon Zariya mai cin abinci da ƙarfinsa

Yawancinmu da muka tsallako daga Maraɗi ko Damagaram zuwa Zariya da ƙafa muke neman abinci: ga-ruwa a Samaru, dako a kasuwar Sabon Gari, gadi a Tudun Wada, shayi a Kwangila. Shi ya sa a watannin farko ƙafar ce ke fara kuka. A gida kan yashi muka saba takawa, nan kuwa kwalta ce da tsakuwa, da damina kuma laka. Ruwan da ke sauka a Zariya a shekara ya ninka na Damagaram, har da ɗoriya. Kurar da aka jera wa jarka 10 masu cin lita 25 kilo 250 ke nan, ban da nauyin ita kanta.

Kuskuren da ya fi yawa a ɗakunan baƙi shi ne kowane ciwo a ce a gasa da ruwan zafi. Ba kowanne ke son zafi ba.

Idan gajiya ce, wato ƙafafun biyu sun yi nauyi da yamma, sha-raɓa na tsami, babu kumburi, to ruwan ɗumi ya dace. A zuba a bokiti ya kai rabin ƙwauri, a gwada da gwiwar hannu, a tsoma minti 15 zuwa 20. Wasu na barbaɗa gishiri, ba laifi, amma ɗumin ne ke aikin. Daga nan a tsane sosai, musamman tsakanin yatsu, don nan ne ruwa ke cin ƙafar 'yan ga-ruwa. Sai a narkar da man kaɗanya a tafin hannu a murza daga idon sawu zuwa gwiwa, kullum ana yin sama, kamar minti 5 kowace ƙafa. Man na maganin faso ma, in an shafa a diddige an sa safa an kwana. A ƙarshe a kwanta rigingine a ɗora ƙafafu jikin bango ko kan jarka minti 15, su fi ƙirji tudu, jinin da tsayuwa ta tara a ƙasa ya koma.

Targaɗe kuwa sanyi yake so a kwana biyun farko. A sayi ƙanƙara, a naɗe a tsumma, a ɗora minti 15, sau uku ko huɗu a yini. Gashi da murza a wannan lokaci ƙara kumburi suke. Wanda ya kasa taka ƙafar sam ya je a ɗauki hoto kafin ya miƙa ta ga mai ɗori.

Ɗaurewar sha-raɓa cikin dare ta fi addabar masu tura kura, musamman a Maris da Afrilu da ake zuba gumi. Idan ta kama, a miƙe ƙafar a jawo yatsu wajen fuska har ta saki. Rigakafinta kafin kwanciya: a dafa bango da hannu biyu, a mayar da ƙafa ɗaya baya, diddige a ƙasa, a riƙe daƙiƙa 30, sau uku kowane ɓangare. Ranar da gumi ya yi yawa, a juye ruwan leda (fiya-wata) guda biyu, lita ɗaya ke nan, a sa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a sha a hankali. Kada a cika gishirin, mai hawan jini kuma ya tsaya kan ruwa zalla.

Citta na samuwa a nan tunda a kudancin Kaduna ake nomanta. Ɗanya mai tsawon babban yatsa, a daka, a tafasa a kofi biyu na ruwa minti 10. Tana rage tsamin jiki kaɗan-kaɗan, ba nan take ba, kuma mai gyambon ciki ya yi hattara. Ɗanyar tafarnuwa da ake ɗaurawa a fata ƙona ta take. Tsaga da reza ma babu abin da take jawowa sai gyambo. Haka haɗin ƙwayoyin da ake ƙullawa a leda: yana kashe zafin yau, a hankali yana cin ciki da ƙoda. A ganina kuɗin gara a sayi takalmi mai kaurin ƙasa a jefar da sillif ɗin da ya siɗe.

Akwai ciwon da ba na ɗaki ba ne. Sha-raɓa ɗaya ta kumbura ta yi zafi bayan doguwar zama a mota, kamar daga Maraɗi ta Jibiya da Funtuwa: wataƙila jini ne ya daskare a jijiya, kada a murza, murzar na iya tura shi huhu. Ƙafafu biyu su kumbura, a danna yatsa ya bar rami: a duba zuciya da ƙoda. Tafin ƙafa na zugi ko ya mutu, ko miki ya ƙi warkewa: a auna suga, kuma irin wannan ƙafa ba a tsoma ta a ruwan zafi, don za ta ƙone mai ita bai ji ba. Ciwon gaɓoɓi da zazzaɓi kuwa a fara gwajin maleriya. Asibitin Gambo Sawaba yana Ƙofar Gayan, asibitin koyarwa yana Shika, kuma wanda bai san gari ba ya roƙi mai gidansa ya haɗa shi da ɗan rakiya.