Wa Ke Riƙe da Makarantar Sakandaren Gwamnati a Katsina?

Duk lokacin da sakamakon jarrabawar WAEC ko ta NECO ya fito bai yi kyau ba, ko iskar farkon damina ta yaye rufin aji aka kwashe zango guda ba a gyara ba, sunan firinsifal ake fara kamawa a majalisun unguwa. Na jima ina wakiltar iyaye a kwamitin al'umma na wata makarantar jeka-ka-dawo a cikin birnin Katsina, kuma abin da zaman ya nuna mini shi ne, mutumin da ake ɗora wa laifin ba shi da cikakken iko a kan abubuwa uku da makaranta ta dogara da su, wato malamai da kuɗi da gini. Ba shi ke ɗaukar malami ba, ba shi ke sallamarsa ba, kuma sau da yawa sai dai ya wayi gari ya ga takardar canjin wurin aiki ta ɗauke masa malamin lissafi ɗaya tilo da yake da shi, ana saura 'yan watanni a shiga jarrabawa.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a san yadda aka rarraba ikon. Makarantun firamare na ƙananan hukumomi 34 na jihar suna ƙarƙashin hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wadda aka fi sani da SUBEB, kuma kowace ƙaramar hukuma tana da sakataren ilimi. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta haɗa shekaru shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare a matsayin ilimin tushe, shi ya sa a wurare da dama za ka tarar da makarantu biyu a harabar guda, ƙaramar sakandare da babba, kowace da shugabanta, suna raba fili da rijiya da makewayi. Ma'aikatar ilimi ta jiha, mai kwamishina da babban sakatare da daraktoci, ita ke tsara manufa da kalandar karatu. Ɗaukar malamai da ƙarin girma da ladabtarwa aikin hukumar kula da malamai ne, makarantun kimiyya da na fasaha kuma suna da tasu hukumar daban. Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Daura da ta 'yan mata da ke Bakori kuwa ba su cikin wannan lissafi ko kaɗan, domin daga Abuja suke karɓar umarni. Uban da bai san wannan ba yakan ɓata kwana da kwanaki yana kai kuka ofishin da ba shi da hurumin share masa hawaye.

Tsakanin ma'aikata da makaranta akwai ofishin shiyya, kuma a ganina nan ne gaɓar da jama'a suka fi jahilta, alhali ita ce ta fi kusa da su. An raba jihar shiyya-shiyya, irin su Katsina da Daura da Funtua da Dutsin-Ma da Malumfashi, kowace da jami'anta masu tabbatar da ingancin karatu, waɗanda tsofaffin malamai har gobe suke kira sufetoci. Galibinsu mutane ne da suka daɗe suna riƙe alli, wasu ma sun shugabanci makarantu kafin a dawo da su ofis. Su ne ke zagayawa ranar komawa hutu su ƙidaya malaman da suka zo da waɗanda ba su zo ba, su duba rajistar ɗalibai da littafin shirin darasi, su sa ido a lokacin jarrabawa, sannan su rubuta rahoto zuwa sama. Aiki ne mai muhimmanci, amma yana da rauni guda da duk malami ya sani: takarda ta fi sauƙin dubawa a kan darasi. Jami'in da ke da makarantu da yawa a wuyansa, wasu a ƙauyukan da hanyarsu ke yankewa da damina, yakan zauna a ofishin firinsifal a jero masa littattafai, ya sa hannu ya wuce. Malamin da ya iya cike takarda sai ya tsira ko da yara ba su fahimci komai ba, wanda kuwa ya iya koyarwa amma ya yi sakaci da rubutu sai ya sha takardar tuhuma. Ziyarar da ta fi amfani ita ce wadda jami'i zai shiga aji ya zauna a bencin baya har darasi ya ƙare, sannan ya keɓe da malamin ya faɗa masa gaskiya ba tare da tozartawa ba. Masu yin haka suna nan, kuma malamai ba sa mantawa da su.

A cikin makarantar kanta, firinsifal fuska ce kawai ta wani ayari. Mataimakinsa mai kula da harkar karatu shi ke zama da takarda da fensir ya tsara jadawalin darussa, kuma wanda bai taɓa ganin ana wannan aiki ba ba zai san wuyarsa ba, musamman idan malamin Turanci biyu ne a makarantar da azuzuwanta suka haura ashirin, ga kuma 'yan bautar ƙasa da za su tafi da zarar shekararsu ta cika. Mataimaki mai kula da mulki yana fama da makara da faɗa da tsallake katanga. Jami'in jarrabawa kuwa yana riƙe da makomar ɗaruruwan yara a cikin kwamfuta ɗaya, domin kuskuren harafi a sunan ɗalibi ko a ranar haihuwarsa lokacin rajista yana iya bin yaron har ƙofar jami'a. Sai malamin aji, wanda shi kaɗai ne zai lura cewa wata yarinya ta daina zuwa tun makon jiya, ya aika a tambaya ko talla ce ta riƙe ta ko maganar aure ce ta taso. A ƙasan jerin akwai masinja da maigadi, kuma a makarantar kwana akwai masu dafa abinci da uwar ɗakin kwanan ɗalibai, waɗanda ba a ambatonsu ranar rabon kyaututtuka, amma duk ranar da ɗayansu bai zo ba kowa sai ya ji a jikinsa.

Mu Katsinawa muna yawan tinƙaho da Kwalejin Katsina, wadda aka kafa a 1921, ta yaye su Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa kafin a mayar da ita Kaduna a 1938, daga bisani ta koma Zariya ta zama Barewa. Haka muke ambaton makarantar sakandaren lardi da Muhammadu Buhari ya gama a 1961. Tinƙahon yana da tushe, sai dai kwatancen ba ya yi wa shugabannin yau adalci. Waɗancan makarantu na 'yan tsirarun yara ne da aka tsamo daga larduna, shugaba ya san kowane ɗalibi da sunansa da garinsu. Firinsifal na yau yana iya samun aji guda da ya fi wata tsohuwar makaranta yawan ɗalibai, kuma ba shi da damar cewa wuri ya cika, domin kowane yaro yana da haƙƙin zama.

Daga daren 11 ga Disamba 2020, lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, wani sabon nauyi ya hau kan masu riƙe da makarantu. An sako yaran bayan kusan mako guda, gwamnati kuma ta rufe makarantun kwana na wani lokaci, amma tun daga nan shugaban makaranta a yankunan da ke kusa da daji ya zama mai lissafin katanga da fitila da lambar wayar jami'an tsaro, abin da ba a koya masa ba a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da ke Dutsin-Ma ko a wata jami'a.

Inda na ga alamar sauƙi shi ne wajen kwamitin al'umma, wanda ya ƙunshi wakilin hakimi ko mai unguwa da limami da iyaye mata da tsofaffin ɗalibai da wakilan yaran kansu. Shirin AGILE na tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ya amince da shi a 2020 kuma Katsina na cikin jihohin farko da suka shiga, ya bi ta hannun irin waɗannan kwamitoci wajen ba makarantu kuɗin gyare-gyare. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma idan kuɗi ya zo hannun mutanen da 'ya'yansu ke zaune a ajin, da wuya a fenta bangon da ke kallon titi a bar makewayin 'yan mata ba ƙofa. Amma kwamiti ma yana lalacewa idan aka cika shi da 'yan amshin shata, ko aka bar mutum ɗaya yana riƙe da shugabanci da ma'aji a lokaci guda.

Abin da nake fata daga ma'aikata bai fi ƙarfinta ba. A riƙa tuntuɓar firinsifal kafin a ɗauke masa malami, kuma a daina canjin wurin aiki a tsakiyar zango sai da larura. A ba kowace makaranta ɗan kuɗin gudanarwa da ta san ranar zuwansa, a kuma wajabta liƙa lissafinsa a allon sanarwa inda iyaye za su gani. Jami'an shiyya kuma a ba su abin hawa da mai, a nemi rahotonsu ya faɗi darussa nawa suka zauna suka saurara. Idan an yi haka, sai a tuhumi firinsifal da hujja, a sauke wanda ya kasa ko da yana da uwa a gindin murhu. Mu iyaye kuma namu shi ne halartar taron da ake kiranmu, domin a makarantarmu iyaye mata ne ke cika benci, maza kuwa sai an aika musu takarda sau biyu.