Daga Kano zuwa Shibin El-Kom da hoton hantar Kawu

Jirgin EgyptAir da ya ɗebe mu daga filin Malam Aminu Kano cike yake da 'yan kasuwa da ɗalibai, sai kuma irinmu masu jinya, kowa rungume da ƙatuwar ambulan ta hoton asibiti. A Kano aka ga ƙari a hantar Kawu, bayan ciwon hanta nau'in B ya shekara da shekaru a jikinsa bai sani ba.

Ba mu daɗe a Alƙahira ba. Muka hau mota muka yi arewa, inda kogin Nilu ke rarrabuwa kafin ya faɗa teku. Gonaki kore shar, magudanan ruwa ta ko'ina, jakuna na jan amalanke a gefen titi, har muka isa Shibin El-Kom, babban birnin Manufiyya, inda Cibiyar Hanta ta Ƙasa take. Wahala ce ta koya wa Misirawa aikin hanta. Allurar maganin tsargiya da aka riƙa yi wa mutanen karkara har zuwa shekarun 1980, da sirinjin da ba a tafasa sosai ba, ita ta baza ciwon hanta nau'in C. A 2018 suka tashi haiƙan, suka gwada fiye da mutum miliyan 50.

Aka sa wa Kawu ruwan da ke haska jijiyoyi, aka shigar da shi na'urar CT mai ɗaukar hoton cikin jiki. Bayan nan ne likitan hoto ya zaunar da mu gaban kwamfuta, yana bayani da Larabci ina fassarawa. Ƙarin yana shan jini ne daga jijiyar da ke zuwa daga zuciya, shi ya sa yake riga sauran hantar yin haske, ya kuma riga ta dusashewa. Wannan alamar kan wadatar wajen gane cewa sankarar hanta ce, sau da yawa ba sai an tsakuro tsoka ba.

Amma abin da ya fi damunsa shi ne bakin ƙarin. Ya zagaya shi da alƙalami: nan santsi, nan kuma ya yi tsatsa-tsatsa, da wani haske-haske a kewaye. Ya ce irin wannan kan nuna cewa cutar ta fara kutsawa cikin ƙananan jijiyoyin da hoto ba ya iya kamawa, kamar kirikiri a gona, ka nome sama saiwa na tafiya a ƙasa. Wannan kutse shi ke sa ƙari dawowa bayan tiyata, kuma ba a tabbatar da shi sai an yanko an duba da madubin likita.

A nan ya ba ni labarin binciken da ake yi, mafi yawa a ƙasar Sin, wadda ke da kusan rabin masu sankarar hanta na duniya. Ana ba kwamfuta hotunan waɗanda aka riga aka yi wa aiki, ta auna ɗaruruwan siffofi na kaushi da haske, ta koyi bambanta ƙarin da ya kutsa da wanda bai kutsa ba. Ya ce har yanzu ana kan gwaji, don sakamakon kan canja daga wata na'ura zuwa wata. Na ji daɗin wannan gaskiyar tasa ƙwarai, domin mai jinya a ƙasar wasu yana bukatar wanda ba zai ɗora shi kan burin banza ba.

"Me ya ce, ɗana?"

"Kawu, ya ce guda ɗaya ne, bai kai santimita 5 ba, kuma babbar jijiya lafiya lau. Za su yanke, sai dai za su haɗa da naman gefe da ɗan yawa saboda abin da suka hango."

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhamdu lillahi."

A layin jira na ga waɗanda suka zo ciki ya riga ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Yawancinsu hoton ba ya da wani hasashen da zai yi musu, abin ya riga ya bayyana.

Da daddare a masauki Kawu ya sa na kira gida. Ya ce a kai iyalinsa duka, har da ƙannensa, a yi musu gwajin jini kafin mu dawo, wanda ba shi da cutar a yi masa rigakafi.