Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Ɗan Mai Ginin Rijiya a Tseren Kwale-kwale

Makon jiya mun tsaya a inda Yaya ya kira ni da asuba ya ce Baba ya yanke jiki ya faɗi a ƙofar masallaci, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. A watan Afrilun 2016 ne, ina shekara ta biyu a karatun harhaɗa magunguna a birnin Pune na jihar Maharashtra a ƙasar Indiya, ga jarrabawa ta ƙarato. Kuɗin jirgi babu, ko da akwai ma, tafiya a lokacin asarar shekara guda ce. Da aka kara wa Baba waya a kunne, da ƙyar harshensa ke juyawa. Abin da na iya tsinta shi ne, "Zauna nan. Kada ka zo." Na ce, "To, Baba." Inna ta karɓa ta ce, "Ka dai ji abin da ya ce. Allah ya yi maka albarka."

Na zauna, amma barci ya ƙaurace mini. Bayan sallar asuba sai in fita in yi ta tafiya har gadar Holkar da ke unguwar Khadki, in sha shayi wurin wani dattijo, in tsaya ina kallon kogin Mula. A can nake ganin siraran kwale-kwale suna wucewa, matuƙansu sun ba inda suka nufa baya.

Shekarar fari ce a Maharashtra. Damina biyu a jere ba ta yi albarka ba, har ta kai a jirgin ƙasa ake ɗibar ruwa daga Miraj a kai garin Latur, kotu kuma ta sa aka fitar da wasannin kurket daga jihar saboda ruwan da ake ɓarnatarwa wajen shayar da ciyawar fili. Ana cikin wannan hali ne dattijon ya miƙo mini jaridar yaren Marathi, ya ɗora yatsa kan hoton wani dogon saurayi. Da guntun Turancinsa ya fahimtar da ni cewa soja ne, ɗan jiharsu, sunansa Dattu Bhokanal, ya zo na biyu a tseren neman gurbi da aka yi a Chungju ta Koriya ta Kudu, don haka zai je gasar Olamfik ta Rio, kuma shi kaɗai ne zai wakilci Indiya a tseren kwale-kwale. Sai ya ƙara da cewa uban yaron rijiya yake haƙawa. Na ajiye kofin shayin.

Waɗanda suka biyo labarin nan tun farko sun san sana'ar gidanmu ke nan. Tun ina ɗan shekara goma nake riƙe wa Baba igiya. Yana sauka yana dafa 'yan ramukan da ya sassaƙa a bango, har sai na daina ganin komai sai farin hularsa. In ya cika bokiti ya girgiza igiya, mu ja. In ƙasar ta fara fitowa da sanyi tana manne wa hannu, mun san an kusa. Yaron da ya tashi haka, a wurinsa ruwa abu ne da ke can ƙarƙashin rami mai duhu, wanda ake nema da gumi kuma yake iya cin mutum. Shi ya sa da na karanta cewa Dattu tsoron ruwa yake yi lokacin da ya shiga soja, ko iyo bai iya ba, ban yi mamaki ba ko kaɗan.

An haife shi a 1991 a ƙauyen Talegaon Rohi da ke gundumar Nashik, ƙasar albasa da ƙarancin ruwa. Ya taya ubansa haƙar rijiya, ya yi aikin gona, ya yi aiki a gidan mai. Uban ya rasu a 2011 sakamakon cutar daji, nauyin gida ya dawo kansa, a 2012 ya shiga soja don albashin ƙarshen wata. Aka kai shi barikin rundunar injiniyoyi da ke nan Khadki, aka dubi tsawonsa, ya haura ƙafa shida, aka ce ya shiga kwale-kwale. Kurtu ba ya cewa a'a.

Kuma kada mai karatu ya ɗauka irin kwale-kwalen masunta ne. Na mutum ɗaya tsawonsa ya kai mita 8, nauyinsa kilo 14 kacal, faɗinsa da ƙyar yake ɗaukar mazaunin mutum. Kujerar tana gudu gaba da baya a kan 'yar dogo, ƙafafu a ɗaure, filafili biyu a hannu, kuma yawancin ƙarfin daga cinya yake fitowa. Hannu ɗaya ya ɗan karkace, sai ka tsinci kanka a ruwa. Tseren mita 2,000 ne. A wannan abu ne mai tsoron ruwa ya ci zinare biyu a gasar ƙasa a 2014, ya je wasannin Asiya a Incheon a shekarar, ya ɗauko azurfa a gasar nahiyar Asiya a Beijin a 2015.

Amma abin da ya ɗaure ni da labarinsa daban ne. Kafin tafiyarsa Koriya mahaifiyarsa ta faɗi ta bugu a ka, tana kwance a asibiti, ya bar ta ya tafi. Wani abokin karatuna ya ce shi kam bai ga lambar da za ta raba shi da gadon uwarsa ba. Na fahimce shi, amma shi ubansa mai hali ne. Ɗan talaka da gida ya jingina da shi, jinyar da zai iya yi sau da yawa ita ce ya tsaya a bakin aikinsa, don daga nan kuɗin magani ke fitowa, daga nan ƙanne ke ci. Zuciya tana can, jiki yana nan, kuma ba mai ganin wannan ciwon. Da wannan tunani na shiga ɗakin jarrabawa a watan Mayu.

A watan Agusta muka bi tseren Rio a waya, ni da abokin zamana, ɗan Damagaram. Shi ya tuna mini da Hamadou Djibo Issaka na Nijar, wanda ya yi tseren mutum ɗaya a Landan a 2012 bayan horon 'yan watanni, ya zo na ƙarshe 'yan kallo suna masa tafi. A Rio ɗin kuma Chierika Ukogu ce ta tuƙa wa Najeriya. Dattu bai kai zagayen masu lambobi ba, Mahé Drysdale na New Zealand ne ya ci zinaren. Amma ya lashe tserensa na ƙarshe, na waɗanda ba su kai wancan zagaye ba, cikin minti 6 da daƙiƙa 54.96, ya ƙare na 13 a duniya, shekara huɗu da fara riƙe filafili.

A daren na ba Baba labarin, lokacin maganarsa ta fara dawowa. Bai tambayi lamba ba. Ya ce, "Ƙasar tasu yashi ce ko dutse?" Na ce, "Baƙin dutse ne, Baba, sai an fasa." Ya yi shiru, sannan ya ce, "Lallai uban nan ya ci guminsa."

Sauran labarin Dattu bayan na dawo gida ya faru. A wasannin Asiya na 2018 a Palembang ta Indonesiya, shi da Sawarn Singh da Om Prakash da Sukhmeet Singh, dukkansu sojoji, suka ci zinare a tseren mutum huɗu cikin minti 6 da daƙiƙa 17.13, zinare na biyu da Indiya ta taɓa samu a wasan bayan na Bajrang Lal Takhar a 2010. Amma kwana ɗaya kafin nan ya sare a tsakiyar tseren mutum ɗaya, ya ce zazzaɓi ke damunsa. Hukumar wasan ta Indiya ta ce da gangan ya yi, ta dakatar da shi shekara biyu a 2019. A ganina hukuncin ya yi tsauri ga mutumin da washegari ya sake shiga jirgi ya kawo musu zinare. An ɗage dakatarwar a farkon 2020, a shekarar kuma gwamnatin Indiya ta ba shi lambar yabo ta Arjuna, wadda ake ba fitattun 'yan wasa.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, zan ba ku labarin aikin dare da na samu a wani shagon magani a Pune, da yadda na fara aika wa Inna kuɗin gashin ƙashin Baba.