Zafin yau da ɗan shuɗina

Yau kam garinmu ya ɗau zafi, tun ƙarfe goma iskar da ke tasowa ta wajen Ringim kamar daga bakin murhu. Ga wuta an ɗauke tun daren jiya, batirin sola ne kaɗai ke juya famfon akwatin kifina. Kifi ɗaya ne tal a ciki, damsel ɗin nan shuɗi mai rawayar jela, bai kai tsawon yatsa ba amma faɗa kamar zakara, in na sa hannu zan goge gilas sai ya taso yana saran yatsana wai shi mai gadin ramin dutse. Asalinsu cikin murjanin tekun Indonesiya da Filifin ne, ruwan da yake so digiri 24 zuwa 27, ni kuwa da na leƙa ma'auni bayan azahar 31 na gani. Wlh gabana sai da ya faɗi. Ya taso sama yana buɗe baki da sauri da sauri, don ruwa in ya ɗau ɗumi iskar cikinsa raguwa take.

Na tura ƙanina bakin tasha gun mai firjin sola ya siyo fiya wata mai ƙanƙara guda huɗu, na wanke ledar na riƙa ɗorawa kan ruwan ɗaya bayan ɗaya ba tare da na fasa ba, kar sanyin ya buge shi lokaci guda.

Ruwan kuma ya ja ƙasa da layin da na zana, kusan yatsa biyu. Sai ga Inna da gishirin miya a tafin hannu, wai "ba na teku ba ne? ungo ƙara masa." Na ce Inna ki rufa min asiri, ruwa ne ke tashi, gishirin yana nan inda yake, sai ma ƙara ƙarfi, zallan ruwa tatacce ake cikawa. Kuma nasa gishirin daban ne, daga Legas na yo odarsa, wajen giram 35 a kowace lita. Ta kalle ni ta ce kifin da ko miya ba zai shiga ba ake siyo wa ƙanƙara, ga tarwadar Haɗeja a kasuwa. Ban da amsa gaskiya, dariya kawai na yi.

Bayan isha'i ya sauko 28, na barbaɗa masa abinci ya cinye har ya kai wa yatsana sara. Gobe zan cire murfin in saita masa ƴar fanka.