Abin da yatsa ya koya mini a kan zakaran wuya

A shekarata ta biyu a makarantar koyon aikin likita na shiga darasin maƙogwaro da zaton cewa akwatin murya domin magana aka halicce shi, kuma na ɗauka hadda kaɗai za ta fisshe ni. Na haddace guringuntsi 9 da suka haɗu suka gina shi, 3 daga ciki tilo ne, sauran 6 kuma bibbiyu suke, na kuma haddace cewa a jikin babban mutum yana zaune ne daura da ƙashin wuya na 3 zuwa na 6. Amma ranar da malaminmu ya tambaye ni dalilin da ya sa mutum yake ƙwarewa idan dariya ta kama shi yana shan ruwa, sai bakina ya mutu.

Bai yi mini faɗa ba. Ya ce in ɗora yatsa a kan zakaran wuyana, wato gaban akwatin muryar, in haɗiyi yawu, na kuwa ji abin ya yi sama ya dawo. Hanyar iska tana gaba, hanyar abinci tana bayanta, kuma bakinsu ɗaya ne daga sama, saboda haka duk lomar da za ta wuce sai ta ratsa ta ƙofar numfashi. Idan aka zo haɗiya, akwatin yakan ɗaga ya matsa gaba, wani guringuntsi mai siffar ganye ya kifu a kansa kamar faifai a bakin ƙwarya, tantanin murya guda biyu su rufe gam, numfashi ya ɗan tsaya. Dariya kuwa tana bankaɗe ƙofar a lokacin da ya kamata ta kasance a rufe. A nan na gane cewa gadin huhu shi ne aikin wannan gaɓa na asali, murya kuma daga baya take zuwa, idan iskar da ke fita ta kaɗa tantanin nan, kusan sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji, sama da sau 200 ga mace.

Abin da ya fi ba ni kunya shi ne, tun ina yaro nake sarrafa wannan ƙofa ban sani ba. Duk Bahaushen da ya ce ƙasa ko tsuntsu, sai ya rufe tantanin ya tura akwatin sama kafin sautin ya fashe, idan kuma ya ce ɓera ko ɗaki, akwatin ƙasa yake yi. Na kwana ina gwadawa da yatsa a wuya, har abokin ɗakina ya fara yi mini kallon wanda karatu ya taɓa.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na wata siririyar jijiya, ɗaya a kowane gefen wuya, mai motsa mafi yawan tsokokin akwatin. Maimakon ta miƙe daga kai ta shiga inda za ta yi aiki, sai ta gangara, ta hagu har cikin ƙirji, ta zagaya ƙarƙashin babbar hanyar jinin da ta fito daga zuciya, sannan ta hauro ta bayan ƙullin nan da ke kumbura ya zama maƙoƙo. Galen, wanda Larabawa suke kira Jalinus, ya nuna aikinta a Rum a ƙarni na 2, inda ya yanke ta a jikin alade mai kururuwa, kukan ya ɗauke nan take alhali dabbar tana raye. Idan aka ji mata rauni a gefe ɗaya wajen tiyatar maƙoƙo, murya takan dusashe, idan kuma gefe biyu ne, numfashin kansa yana iya toshewa.

Shi ya sa yanzu, duk safiyar da na tsaya a bakin gadon wadda aka cire wa maƙoƙo, nakan fara da cewa, "Inna, an tashi lafiya? Yaya jikin?" Na san za ta ce da sauƙi ko da babu sauƙin, don haka amon muryar nake saurare, sannan in miƙa mata ruwa kaɗan in tsaya in ga ko tari zai biyo baya.