Abin da kujerar sakataren ƙungiyar ɗalibai ta koya mini

Tun da na bar ofishin sakataren ƙungiyar ɗalibai ƙannenmu masu son tsayawa takara suke turo mini saƙo, kowa yana tambayar yadda ake haɗa zanga-zanga. Babu wanda ya tambaye ni yadda ake zama da hukumar makaranta, alhali kuwa a wurin zaman aka ci mu da yaƙi. Da can na ja bakina na yi shiru saboda sakamakona yana hannunsu. Yanzu ya fito, zan faɗa.

A mawuyacin lokaci muka karɓi ƙungiya. Yajin aikin ASUU, ƙungiyar malaman jami'o'i, na 2022 ya cinye wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, ga na 2020 da ya riga ya ci wata tara. Ana cikin gudun cike giɓi sai aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023. Kuɗin mota ya tashi, kwanon garin kwaki ya tashi, jami'o'in tarayya kuma suka shiga ƙarin kuɗi ɗaya bayan ɗaya. A takarda karatun digiri na farko kyauta ne a jami'ar tarayya, abin da ake biya shi ne na rajista da jarrabawa da asibiti da laburare da sauransu. Namu ya ninka har ya wuce.

Ba mu fita titi ba, kuma da gangan ne. Duk wanda ya san abin da ya faru a 1978, lokacin da ƙarin kwabo 50 a kuɗin abinci ya haifar da boren "Ali Must Go", aka kashe ɗalibai a Legas da Zariya, aka haramta NUNS, ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa ta wancan lokaci, ya kuma san jinin da aka sake zubarwa a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, a watan Mayun 1986, ba zai tura ɗan wani gaban bindiga da wasa ba. Sai muka bi aji-aji ta hannun wakilan aji, muka buɗe littafi: suna, sashe, aji, da abin da mutum zai iya biya. Wani ɗan aji huɗu ya zo ofis da kuɗi ƙulle a baƙar leda, ya kwance a kan teburina, ya ce akuyar mahaifiyarsa aka sayar a kasuwar ƙauyensu. Muka ƙirga tare, bai kai rabi ba. Irinsa ne suka cika littafin.

Da littafin nan muka shiga wurin Din, shugaban sashen harkokin ɗalibai. Ya tarbe mu da fara'a, ya sa aka kawo lemo, yana ta kiranmu "'ya'yana". Buƙatunmu ba su da yawa: a nuna mana abin da kowace naira za ta yi, a yarda a biya kashi biyu, a ƙara wa'adin rajista. Ya ce, "Ku je ku kwantar wa yara da hankali. Ni na yi muku alkawari, ba za a rufe rajista ba sai an sake zama da ku." Na miƙa masa takardar bayanin zama don ya sa hannu. Ya ture ta da bayan hannunsa ya ce, "Haba ɗana, tsakanin uba da 'ya'yansa har sai an sa hannu?" Na ce, "Ranka ya daɗe, don mu samu abin nuna wa ɗalibai ne." Fuskarsa ta canza, shugabanmu ya taka mini ƙafa ta ƙarƙashin tebur. Muka yi godiya muka fito, muka sanar a zaurukan WhatsApp cewa an ɗage wa'adi, a bakin dattijo.

Ranar da aka tsayar tun farko, a ranar aka rufe, har da tarar makara. Ɗalibai suka ce mun karɓi na goro mun sayar da su. Wasu suka taru a bakin ginin hukumar makaranta ba tare da kowa ya kira su ba. Washegari aka dakatar da ƙungiya, aka naɗa kwamitin riƙon ƙwarya wanda shi Din ya zaɓo da hannunsa, mu kuma aka ba mu takardar tuhuma bisa tunzura ɗalibai. A gaban kwamitin ladabtarwa yana zaune, mutum sa'an mahaifina, ya dubi tsabar idona ya ce bai taɓa yin wannan alkawari ba. Riƙe sakamakona da aka yi har abokan karatuna suka tafi hidimar ƙasa suka bar ni bai yi mini ciwo kamar wannan kalma ba. Tarbiyyar da aka yi mana ta girmama babba ita ya ɗauka ya ɗaure mu da ita. Shi ya sa nake gaya wa duk mai shiga irin wannan zama: ka durƙusa ka gaida babba yadda ya kamata, amma kada ka sanar da ɗalibai komai sai da takarda mai sa hannu da kwanan wata.

Ba na cewa jami'a ƙarya take a kan tsada. Man janareta ya yi tsada, a Afrilun 2024 kuma kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawan sa'o'i, ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kowane yunit. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantu, wadda asalinta gwagwarmayar ASUU ce ta 1992, tana gina ɗakunan karatu tana tura malamai ƙaro ilimi, amma ba ta biyan kuɗin wutar wata-wata. Tushen rigimar yana Abuja, wurin masu kasafi, ɗalibi da shugaban jami'arsa sun fi kusa da zama ɓangare guda. Wannan ne ma ya sa ƙaryar da aka yi mana ta fi zafi, domin da an buɗe mana lissafi da mun taya su kuka.

Bashin karatu na gwamnatin tarayya, wato NELFUND, da aka buɗe shafinsa a Mayun 2024 ya rage wa mutane raɗaɗi, ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye, ɗalibi na samun naira 20,000 a wata. Amma bashi ne, biya na jiran mutum shekara biyu bayan hidimar ƙasa. A 2025 kuma an yi ta ƙorafin cewa wasu makarantu sun karɓi kuɗin ba su sanar da ɗalibai ba, har ICPC, hukumar yaƙi da cin hanci, ta shiga bincike. Ƙungiyar da ta san aikinta za ta nemi a liƙa sunayen waɗanda aka biya wa a allo.

Sauran a taƙaice ne. Ka karanta kundin ƙungiya tun kafin ka sayi fom, ka ga wa ke da ikon rushe ta, wa ke sa hannu a asusunta. Kada ka karɓi motar ɗan siyasa. Ka sa ɗalibai mata a tawagar tattaunawa, matsalar ruwa da tsaron ɗakunan kwanansu su suka san ta.

Littafin nan bai tafi a banza ba. Mun raba shi ga ƙungiyoyin ɗalibai na jihohi da na tsofaffin ɗalibai, an biya wa wasu, har da mai baƙar leda, ya kuma gama. Biya kashi biyu da muka roƙa an amince da shi a zango na gaba, aka sanar da shi da sunan kwamitin riƙon ƙwarya. Ban damu da sunan ba. Abin da ke ci mini rai shi ne, da wa'adin Din ya ƙare an yabe shi a bainar jama'a cewa a zamaninsa ba a rufe makaranta ba, alhali akwai waɗanda suka jingine karatu a wancan zangon saboda alkawarinsa da ya janye, har yau kuma ba su dawo ba.