Masu fasa salansa

Jiya wajen ƙarfe ɗayan dare, ƴata ta samu barci ke nan bayan zazzaɓi ya wahalar da ita, sai ga samari a kan babura sun shigo layinmu suna murɗa totur, salansa a fashe. Ta farka a firgice, kuka har asuba.

Abin haushin, da gangan ne. Jincheng ko Boxer ba ya fitowa daga kamfani da wannan ƙara, mai shi ke biyan bakanike a huda masa. Wai gayu! Mu kuwa da muka ga hare-haren da aka kai Kano a 2012, duk abin da ya yi kama da harbi sai gabanmu ya faɗi.

Ɗayansu ma ɗan maƙwabcinmu ne. Bayan la'asar zan je wurin babansa.